Kowace Janairu ina rubuta buri, kafin Sallah ya watse

Assalamu alaikum, Baba. Ni malamin firamare ne a wani gari na karkara. Shekarata 36, shekara 11 ke nan ina koyarwa da takardar NCE. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, mahaifiyata tana hannuna, ga ƙanne maza biyu da ba su tsaya da ƙafarsu ba. Yau shekara uku, duk farkon Janairu sai in sayi sabon littafi in rubuta abin da nake so in cim ma: in shiga digiri, in koyi kwamfuta, in fara kiwon kaji, in bi maganar ƙarin girmana da ya maƙale, in rage zaman majalisa. Sati biyu ko uku ina zama bayan Asuba ina karatu, amma kafin Ƙaramar Sallah komai ya watse. Bara na shiga adashi saboda kuɗin makaranta, ina ɗauka sai ga bikin ƙanwata, kuɗin suka tafi a kayan ɗaki. Wanda muka gama NCE tare yanzu yana da digiri na biyu, an mayar da shi ofis, in muka haɗu sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwanan nan maiɗakina ta ga littattafan nan uku a ƙasan akwati, ta yi dariya ta ce, "Malam sarkin buri." Wasa take yi, amma maganar ta soke ni. Shin lalaci ne yake damuna, ko dai haka Allah Ya tsaga mini, in haƙura?

Malam S.

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma tun kafin in kai ƙarshenta na cire lalaci daga lissafi. Malalaci ba ya riƙe gida mai baki tara da albashin firamare. Ba ya kuma hana idonsa barcin bayan Asuba don ya buɗe littafi, ko da na sati uku ne. Maganar ƙaddara kuwa babu mai musunta, sai dai mutum ba ya sanin abin da aka tsaga masa sai ya taka iya takunsa, kai kuwa, in za ka yarda in faɗa maka, har yau ba ka taka ko ƙofar makarantar da kake mafarki ba. Sau uku ka rubuta "in shiga digiri", amma ban ga inda ka ce ka sayi fom ba, ko ka je ka tambayi nawa ake biya, ko yaushe ake rufe karɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kada ka ji kunya, ni ma da nake maka magana na taɓa sayen fom ɗin ƙaro karatu na soke shi ƙarƙashin katifa, ina jiran ranar da hankalina zai kwanta in cike. Ranar da na ɗauko shi, an rufe karɓa da sati biyu.

Bari mu fara da wannan "kafin Ƙaramar Sallah" da ka ambata, don a nan amsar rabin tambayarka take. Ka ɗauko kalanda ka duba shekarun da kake magana a kai. Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, na 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris. Kowace shekara yana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu, yanzu har ya shigo Fabrairu, gaba kuma Janairun kanta zai cinye. Ke nan burin da ka rubuta ranar 1 ga Janairu, wata biyu ne kacal ko ƙasa da uku yake da su kafin rayuwarka ta juye gaba ɗaya. Azumi yana shigowa, lokacin bayan Asuba da ka ware wa karatu ya zama na rama barcin sahur. Yamma ta tafsiri ce, dare na tarawihi, goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Aljihu ma haka: sukari, gero, kayan buɗa-baki, sai ɗinkin Sallah na yara huɗu da uwarsu da Inna, sai zakkar fid-da-kai. Kana sauke wannan numfashin, ga zafin bazara, ɗaki ba ya zaunuwa, sai ga ruwan shuka da kuɗin taki. Babbar Sallah ta 2024 ta zo ranar 16 ga Yuni, ta 2025 ranar 6 ga Yuni, wato ragon layya da buhun taki a wata ɗaya suka tsaya maka a ƙofar gida. Yuli jarrabawar zango na uku da makin da cike sakamako. Agusta marka ce, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Satumba komawa makaranta, yunifom da takalma da littattafai. Sai kaka ta yi, a yi girbi, mutane su ɗan samu sukuni, nan ne kuma bukukuwa suke ɓarkewa. Ka ƙara da cewa tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba, kai kuwa babur ne yake kai ka makaranta.

Wannan ita ce shekararka, Malam. Wadda kake rubutawa a littafi kuwa shekara ce mai watanni sha biyu masu kama da juna, babu azumi, babu damina, babu biki. Irin wannan shekarar ba a yi ta a garinku. Saboda haka duk shirin da aka ɗora a kanta zai rushe a daidai inda naka yake rushewa, ko waye ya rubuta shi.

Sai kuma yawan burin. Abu biyar ka jera, amma in ka dube su da kyau ba nauyinsu ɗaya ba. Maganar ƙarin girma ba burin shekara ba ce, zirga-zirgar 'yan kwanaki ce. Ka haɗa takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girman ƙarshe, da takardar rajistarka ta hukumar malamai ta TRCN, ka yi kwafinsu, ka rubuta wasiƙa ta hannun hedimasta zuwa ga sakataren ilimi, ka riƙe kwafi ɗaya mai hatimin karɓa. Bayan nan sai leƙawa lokaci-lokaci, da tuntuɓar wakilin ƙungiyar malamai in abin ya ƙi motsi. Kwamfuta kuma ba sai ka ware mata shekara ba, za ka ga dalili nan gaba. Rage majalisa ba buri ba ne, wurin da za ka yanko lokaci ne. In ka cire waɗannan, abu biyu suka rage, digiri da kaji, kuma su biyun aljihu ɗaya suke kallo. Taura biyu ba ta taunuwa. Kiwon kaji a yanzu abincinsu kaɗai ya isa ya cinye jarin ƙaramin ma'aikaci, cuta ɗaya kuma tana iya share keji a kwana uku. Ba na hana ka, amma ba bana ba, in dai digirin kake so.

In dai shi kake so, na ce, domin akwai tambayar da nake so ka yi wa kanka kai kaɗai, ba a gaban kowa ba. Da abokin nan naka yana nan aji ɗaya da kai yana shan ƙurar alli, da digirin yana hana ka barci? In amsar a'a ce, to abin da ke cin ka kunya ce, kuma kunya tana iya tayar da mutum da asuba sati uku, amma ba ta iya kai shi shekara uku. Ni dai a ganina kana da dalilin da ya fi kunya ƙarfi, ka dai manta ka lissafa shi ne. A tsarin aikin gwamnati mai NCE da matakin albashi na 7 yake shiga, mai digiri da na 8, kuma akwai matakin da NCE take kaiwa ta tsaya, sai mutum ya ga yaran da ya koyar sun zo sun wuce shi. A tsohuwar ƙa'idar ritaya, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, saura maka shekara 24. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta mayar da ta malamai shekara 65 ko 40 a aiki, in jiharku ta ɗauke ta saura maka 29. Mutumin da ke da shekara ashirin da wani abu a gabansa bai makara da karatun shekara uku ko huɗu ba. Amma kada in yaudare ka: digiri ba zai cika maka tukunya bana ba, ko baɗi. Zai ma rage abin da ke cikinta. Ko ka gama, sai ka bi fayil kafin a gyara maka mataki. Amfaninsa mai nisa ne, yana buɗe ƙofar shugabancin makaranta, da koyarwa a sakandare, da aikin ofis, da fanshon da za a lissafa a kan matakin da ka tsaya. In ka shiga da wannan sanin, ranar da abin ya yi ɗaci ba za ka ce an cuce ka ba.

Hanyoyin da malami zai bi ba tare da ya bar ajinsa ba suna nan, sai dai kowace da nata sharaɗin. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, tana da cibiyoyin karatu a manyan biranen jihohi, mai NCE da sakamako mai kyau kuma yana iya farawa daga aji biyu. Littattafan darussanta suna shafinta na intanet, kana iya sauke su a waya ka karanta a gida. Ana yin aikin jinga ta intanet, jarrabawar azuzuwan farko kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Ka ga inda kwamfutar taka ta shigo: dole za ta sa ka koya, ba sai ka rubuta ta a littafi ba. Abin da ya fi burge ni da tsarin ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne bayan kuɗin zango, kowane kwas da jarrabawarsa ake biya wa daban, saboda haka zangon da ya zo da nauyi kana iya rage kaya maimakon ka ajiye karatun ɗungurungum. Aibinsa kuma a fili yake, babu malamin da zai tsaya a kanka kullum, kai kuma ka faɗa da bakinka cewa tsayuwa kai kaɗai ce take ba ka wahala. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa tun 1976 don malaman da ke bakin aiki, darussanta a ƙarshen mako ake haɗuwa a cibiyoyi, ka ga akwai abokan karatu da za ku riƙa jan juna. Sannan akwai karatun dogon hutu irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yi wa malamai. Wannan yana tattara karatun wuri ɗaya, ka bar gida 'yan makonni ka nutsu, sai dai lokacinsa tsakiyar damina ne, ga kuɗin masauki da na abinci. In gonarka ce take cika rumbun gidan, sai ka san wanda zai tsaya a kan maimai kafin ka zaɓi wannan. Kuɗi da ranakun karɓa suna canjawa, kada ka dogara da labarin majalisa, ka je cibiyar da ta fi kusa da kai da ƙafarka ka tambaya, ka rubuta.

Ko wace ka zaɓa, kafin ka biya ko sisi ka nemi izinin ƙaro karatu a rubuce, ta hannun hedimasta zuwa ofishin ilimi. Na ga malaman da suka sha wahala suka gama, suka kawo takarda, aka tambaye su ina izinin, maganar ta ja shekaru. Ka kuma zauna da hedimastanka tun wuri. Shi ma yana da nasa ciwon kan, malamai ba su ishe shi ba, kuma duk wanda ya ce zai ƙaro karatu abin da yake ji shi ne aji zai zauna babu kowa. Ka nuna masa cewa ranakun jarrabawa kaɗai za ka buƙata, ka kawo sunan malamin da kuka yi yarjejeniya zai riƙe maka aji ka rama masa. Wanda ka zo masa da mafita ya fi saurin sa hannu.

Yanzu ga maganar adashi, wadda na san ita ce ta fi yi maka ciwo. Ka ce kana ɗauka "sai ga" bikin ƙanwarka. Malam, biki ba ya faɗowa daga sama. An kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana, kai ne babban wa, ka san gado da katifa da kujeru a wuyanka za su sauka. Abin da ya faru shi ne ka ajiye buri biyu a kan kuɗi ɗaya, ɗaya kowa ya san da shi, ɗaya kai kaɗai ka sani. Ranar rabo kuwa wanda aka sani shi ke ci. Ban ga laifin Inna ba, ban ga na ƙanwarka ba. Uwa ta ga ɗanta da kuɗi a hannu, ga 'yarta za ta shiga gidan miji, me kake so ta ce? Ba ta san kuɗin suna da suna ba. Kai ma ba ka yi asara ba, ka rufa wa 'yar'uwarka asiri, Allah Ya ba da lada. Amma kada a maimaita a haka. Ka sami Inna ita kaɗai, bayan Magariba, ka zauna ƙasa ka gaya mata: "Inna, ina so in koma karatu don aikin nan ya yi gaba, shekara uku zuwa huɗu zai ɗauka, a cikinsu hannuna zai ɗan yi gajarta. Ina neman albarkarki." Iyaye mata da yawa in aka ba su wannan girman su ne suke zama masu gadin kuɗin. Ranar da wani ya zo da buƙata, ita za ta ce a bar shi, yana da kuɗin makaranta a gabansa. Kalmarta ɗaya ta fi bayaninka goma a cikin dangi.

Ƙannenka biyu kuma lokaci ya yi da za su ɗauki wani abu. Ba na cewa ka yanke musu, amma ka sa iyaka da suka sani, kaza ne a wata, ba ya ƙaruwa sai rashin lafiya. In kuna da gona, su karɓi noman fari da maimai a matsayin nasu kason. Wanda ke cin tuwon gidan ya san hanyar gonar.

Kuɗin karatun kansu kada su kwana a asusun da albashi yake shiga. Ka san yadda ake yi: alat ya shigo, kafin ka baro wurin mai POS mai shago ya gan ka, kafin ka isa gida an kira ka sau uku. Ranar da albashi ya shigo, a ranar za ka cire na karatu, kome ƙanƙantarsa, kafin ka biya kowa. In ka sake shiga adashi, ka roƙi a sa ɗaukarka ta dace da watan rajista, ka ɗauka yau ka biya gobe, ka dawo gida da rasit maimakon kuɗi. Rasit ba a ranta. Wata dabarar da malaman karkara suka daɗe suna yi ita ce su sayi ɗan rago bayan kaka, lokacin da harawa da dusa suke da sauƙi, a kiwata shi a gida a sayar gab da Babbar Sallah. Kuɗin da ke tsaye da ƙafa huɗu a turke ya fi wuyar taɓawa a kan wanda ke cikin waya. Akwai kasada, dabba tana ciwo, kasuwa tana faɗuwa, amma ya fi kaji sauƙin riƙo. Sannan ka ware wani ɗan abu daban na zumunci, na suna da biki da gaisuwar mara lafiya, domin waɗannan ba za su daina zuwa don kana karatu ba. In babu nasu, na makaranta za su ci.

Maiɗakinka fa? Ka lura da yadda ta san da burinka: a ƙasan akwati ta tsinto shi. Shekara uku kana shirya abin da zai taɓa cefanenta da ɗinkin 'ya'yanta da lokacin da kake ba ta, ba ka taɓa zama da ita a kai ba. Dariyar da ta yi, ni ban ji raini a ciki ba. Mai yiwuwa ma akwai ɗan jin haushin an ɓoye mata, ta lulluɓe shi da wasa. Ka gaya mata maganar ta taɓa ka, ba da faɗa ba, sannan ka buɗe mata lissafin duka, ga abin da ake biya, ga abin da zai ragu a gida, ga shekarun. Ka tambaye ta me ta gani. Mata sun fi mu sanin inda kuɗin gida suke zurarewa. Ka kuma tambaye ta nata burin, don ba kai kaɗai Allah Ya yi wa zuciya ba. Wataƙila kajin nan da kake ta rubutawa ita ce za ta iya su, 'yan na gida guda biyar ko shida da ba sa buƙatar abincin kanti. Wataƙila ita ma tana da karatun da aure ya katse, ku yi alkawarin in ka gama ita ce a layi. In ta shiga cikin shirin, ita za ta kau da yara daga ɗakin in ka zauna karatu, ita za ta riƙe ragon, ita kuma za ta tashe ka ranar da ka so komawa barci.

Karatun kullum kuwa, ka rage shi har ya zama abin da za ka ji kunyar cewa ba ka iya ba. Ina zargin a Janairu awa biyu kake ɗaukar wa kanka, shi ya sa sati uku yake gama da kai. Ka mayar da shi rabin awa, ka ɗaure shi a jikin abin da ba ka fashinsa. Ka dawo daga masallaci da Asuba, littafin yana kan tabarma tun daren jiya, a buɗe a shafin da ka tsaya, wayar kuma tana wani ɗaki in ba a cikinta kake karatun ba. Kwana biyar a mako ya isa. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, kai ma kana karantar da shi ga yara. Sannan ka raba shekarar yadda take. Daga kaka zuwa hunturu, da hutun ƙarshen zango, nan ne za ka ja da ƙarfi. Azumi da makon Sallah da makonnin shuka da na makin jarrabawa, ka rubuta tun yanzu cewa watannin riƙo ne, minti goma kawai, shafi ɗaya, don kada igiyar ta tsinke. Abin da ya kashe maka shekara uku ba tsayawar azumi ba ce, rashin ranar dawowa ne. Kana tsayawa, sai ka ce ai shekarar ta lalace, bari Janairu ta zo. Wata tara kana jiran Janairu. Bana ka rubuta ranar dawowa da biro tun kafin a ga wata: Asabar ta farko bayan Sallah. Haka duk lokacin da wani abu ya kayar da kai, rasuwa ko jinya ko tafiya, Asabar mai zuwa ita ce sabuwar shekararka.

Majalisa ba sai ka ƙaurace mata ba, mutum ba ya rayuwa babu abokai, kuma wanda ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya sai a ce girman kai ya shige shi. Ka je bayan Isha ka sha shayinka kofi ɗaya ka tashi, don rabin awar Asuba a daren ake sayen ta. A cikinsu ka zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana wanda duk Juma'a zai tambaye ka shafi nawa ka karanta. Mutum ɗaya, ba duka ba. Burin da aka baza a majalisa yakan ƙare a zolaya.

Abokin naka mai digiri na biyu kuwa, daina sauya hanya in ka hango shi. Bai ƙwace maka komai ba, kuma ba ka san nauyin da ke kansa da wanda babu ba, wataƙila shi ba shi da uwa da ƙanne a wuya lokacin da ya yi nasa. Yanzu yana zaune a inda takardu suke bi. Ya san yadda ake rubuta wasiƙar neman izini, ya san teburin da fayil yake kwana, wataƙila tsofaffin littattafansa suna nan cikin kwali. Ka je gidansa da yamma ka gaishe shi, ka ce ka zo neman shawara. Ɗacin minti biyar ne, yawancin mutane kuma daɗi suke ji in aka tambaye su hanyar da suka bi.

Akwai wata hanyar kuma da ban so ka ɗauke ta a matsayin faɗuwa. In ka zauna da maiɗakinka kuka yi lissafi kuka ga bashi ya yi yawa, sunanka ya cika shafi biyu a littafin mai shago, ga rancen banki ana cira daga albashi, to kada ka shiga makaranta bana. Wanda ya fara ya tsaya a zango na biyu ya yi asarar kuɗi, ya kuma ƙara wa kansa karayar zuciya. Sai ka mayar da burin bana ya zama share fage: biyan bashin, karɓo izini, tara kuɗin zangon farko da na biyu, da sauke littattafan aji biyu ka fara karantawa tun kafin ka shiga. Wannan ma buri ne mai ranar farawa da ranar gamawa. In kuma ka yi wa kanka tambayar nan ta ɗazu ka ga zuciyarka a kiwo da kasuwa take, digirin kunya ce kawai ta sa ka rubuta shi, ka bi kiwon da gaske ka bar digirin ba tare da jin ka gaza ba. Malamai nawa ne suka gina gida da tumaki, suna kuma koyarwa tsakani da Allah.

Kada ka sayi sabon littafi. Ɗauko na farkon cikin ukun nan, na san bai wuce shafi biyar da rubutu ba, ka buɗe sabon shafi ka ja layi sha biyu, ka fara cike azumi da Sallah biyu da shuka da jarrabawar zango da duk bikin da aka riga aka sa wa rana a danginku. Abin da ya rage fari shi ne naka. A daren nan ka nuna wa maiɗakinka, gobe ka sami Inna. Asabar mai zuwa ka zuba mai a babur ka je cibiyar karatun ka dawo da lissafin kuɗi a rubuce, Litinin kuma wasiƙar neman izini ta kwana a teburin hedimasta. In ta dawo da hatimi, ka sake rubuto mini mu duba wace hanyar ce cikin ukun ta fi dacewa da gonarka da aljihunka. Ka gaishe mini da Inna da mai dariyar nan, Allah Ya yi jagora.